Fitilar da Na Rataya wa Inna

Daga Ƙanƙara har Sabuwa, in ana zancen wanda ya san fitila, to ni ne, sai dai in ba a so a faɗi gaskiya. Ina shiga ɗaki zan gaya maka inda haske ya kamata ya sauka. Haka nake faɗa a majalisa, abokaina kuma ba sa musu, don sun san in suka musa ba za a tashi da wuri ba. To bari in ba da labarin yadda wannan ilimi nawa ya gamu da mahaifiyata.

Bayan rasuwar Baba muka ɗauko Inna daga Ruwan Godiya ta dawo gidana a Ƙanƙara. Tun ranar da ta sauka ta zaɓi aikinta, tsintar shinkafa da wake. Ƙanwata da ke aure a Sabuwa takan aiko mana da shinkafa 'yar gida, mai daɗi, amma tsakuwar da ke cikinta ta isa a yi ɗaɓen masallaci. Inna takan zauna a kicin kan kujera 'yar tsugunno, faifai a cinya, tana tsinta suna hira da maiɗakina. A tsakar gida ba ta iya yi, hasken rana yana sa idonta hawaye. Kicin ɗin namu kuwa taga ɗaya gare shi, ita ma kamar ramin ɓera, bango duk kunkunniya. Da tsakar rana in ka shiga sai ka yi sallama kafin ka san akwai mutum.

Wata rana muna cin abincin rana na tauna tsakuwa. Ƙarar da ta yi, na rantse har maƙwabta sun leƙo. Na dafe kunci na yi raha, Inna ba ta yi dariya ba. Daga nan maiɗakina ta riƙa sake tsince shinkafar a ɓoye bayan Inna ta gama. Ba a yi mako ba Inna ta kama ta. Ba ta yi faɗa ba. Ta kife faifan, ta kira ni.

"Kai, in an yi kaka ka maishe ni gida. Idona ya tahi. Mi zan zauna in yi nan, in ci in kwanta kamar tunkiyar layya?"

Na san Inna, in ta faɗi magana sau ɗaya ta gama. Likita ya riga ya ce yanar ido ce ta fara rufe idon, ba ta kai a yi aiki ba, amma haske mai kyau zai taimaka mata. Sai na tuna gidan wani abokina a Faskari, inda na ga fitila tana reto daga silin kan teburin kicin, haske ya sauka sak a tsakiya kamar an zuba shi da mazurari. Muna da sola a gida. Na ce shi ke nan, an zo fagena.

Na tafi shagon wani Alhaji mai kayan wuta. Ya nuna mini wata mai hular ƙarfe, fara tas, kamar kwanon sha da aka kife.

"Wannan ita ce ta kicin, Malam. Tsumma ɗaya ya ishe ta."

"Haba Alhaji, kwano zan rataya wa uwata? Sauko mini da waccan."

Waccan kuwa gilashi ce, duwatsu na ta lilo a jikinta kamar sarƙar amarya.

"Da me ake girki a gidanka?"

"Itace da gawayi."

Ya dube ni, ya dubi fitilar, ya ce, "To Allah ya ba da haƙuri." Na ɗauka hassada ce.

Na sa kafinta ya yi mini teburi dogo irin na abokina, da kujeru biyu masu jingina. Mai wayarin ya zo, na tsaya a kansa ina ba da umarni, sama kaɗan, a'a ƙasa, yawwa. Da tsayina na auna, don kada in buga kai. Da aka kunna, kicin ya haska, har wata tukunya da ta ɓace tun sunan autanmu ta bayyana a lungu.

Na je na riƙo hannun Inna. Ta shigo, ta ɗaga kai, ta ce masha Allah. Sai ta jawo 'yar tsugunnonta ta zauna inda ta saba, gindin teburin nan. Hasken duk ya tsaya a saman katako, ita kuma inuwar teburi ta rufe ta ruf, duhun ma ya fi na da.

"Inna, ai kan kujera za ki hau."

"Wace? Wagga mai tsawo? Ni alƙali ce? In hau ƙahwahuna na reto, jini ya taru, ka kwashe ni zuwa asibiti?"

Maiɗakina ta juya baya tana motsa miyar da ba ta buƙatar motsi, kafaɗunta na rawa. Shekara arba'in da wani abu ina ganin Inna tana aiki a ƙasa. Ita da uwarta da duk matan ƙauyenmu, ba wadda ta taɓa tsintar hatsi a tsaye ko kan teburi. Ni da na san fitila ban taɓa tambayar kaina ina mai aikin take zama ba.

Girman kai ya hana ni saukowa nan da nan. Na ce za ta saba. Ba ta saba ba, faifai yana nan a kife. Fitilar kuwa, kafin mako uku hayaƙi da tururin manja sun yi mata riga. Duwatsun nan masu ƙyalli suka koma kamar busasshiyar kuɓewa. Wata Asabar da safe na kashe wuta, na sauko da ita, na zauna da ruwan ɗumi da sabulu ina wanke su ɗaya-ɗaya. Na fara rana na fitowa, aka kira azahar ban kai rabi ba. Maiɗakina ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, in faɗi magana?"

"Faɗi, ai yau ba ni da baki."

"Gero ya fara nuna. Jiya na ga Inna tana ninke zannuwanta."

Na ajiye sabulun. Ranar na koma wurin Alhaji. Ya miƙo mini farin kwanon nan, har ya riga ya goge shi, kamar ya san ina tafe. Ya ba ni ƙwan fitila mai farin haske, ya ce in ja ta nesa da murhu, in riƙa gogewa duk mako, kuma in bari ta huce tukuna.

Shawarar teburi ta maiɗakina ce, ko da yake a majalisa na ce tawa ce. Kafinta ya zo da zarto ya datse ƙafafun nan har teburin ya dawo daidai gwiwar mai zama a 'yar tsugunno. Ina kallo kamar ƙafafuna ake yankewa. Muka ja shi wajen ƙofa, inda hayaƙi bai cika taruwa ba. Wannan karon Inna muka zaunar, aka ɗora mata faifan shinkafa, mai wayarin yana sassauta waya a hankali.

"Ƙara. Ƙara dai. Tsaya nan."

Inda ta ce a tsaya, fitilar ta zo mini daidai ƙirji. Har yau in na shiga kicin sai na kewaye ta kamar mai gudun kishiya a hanya, kuma duk Juma'a da hantsi ni nake goge ta da kaina.

Inna ta sa yatsa ta baza shinkafar. Muka matso kusa. Ta ɗauko tsakuwa ɗaya ta ajiye a gefen teburi. Ta ɗauko ta biyu. Ta uku ƙanƙanuwa ce, fara, kalar shinkafar sak, ni kaina sai da na sunkuya kafin na gan ta.

"Ke 'yar nan," ta ce wa maiɗakina, "jawo mini buhun nan na Sabuwa gaba ɗai. In an samu mai zuwa gida kuma, a taho mini da babban faifaina, wannan naku na wasan yara ne."

Daɗi ya kama ni. Na durƙusa kusa da ita, na kutsa kaina ƙarƙashin hasken, na ce, "To Inna, yanzu fa? Kin ga aikin ɗanki?"

Ta ɗago ta zuba mini ido, ta daɗe tana kallo, kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Na gani. Kai, ashe haka ka tsuhwa? Ni ko ina ta gaya wa mutane har yanzu da sauranka."