Ranar da Mista Lumb Ya Juya Tuta

Da safiyar wata Laraba, Clifford Lumb ya fito ƙofar gidansa da ke titin Inkerman a garin Halifax, ya ɗaura tutar Birtaniya a juye, ya ja igiya har ta kai ƙarshen sanda. Da gangan ya yi. Daga nan ya koma ciki ya zauna bakin taga, a bayan labule, yana jira ya ga ko akwai mahalukin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ita dai wannan tuta, ka juya ta ko kada ka juya, a idon yawancin mutane duk ɗaya ne, ja da fari da shuɗi sun gitta juna. Amma akwai bambanci. A gefen sanda, farin layi mai faɗi shi ne ke saman jan. In siririn ya hau sama, tuta ta juye. Kuma a wurin sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa, in ji Mista Lumb, juyayyiyar tuta magana ɗaya take yi: muna cikin wahala, a kawo ɗauki. Babu mutumin titin Inkerman da bai sha wannan karatu ba, don Mista Lumb ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana koya wa mutanen da ba su tambaye shi ba.

Tsohon soja ne. Ya shiga aikin yana saurayi, kansa cike da taswirar makaranta da aka shafe rabin duniya da jan launi aka ce duk nasu ne. Sai dai bawan Allah ya makara. Kafin ya iya goge takalmi da sara wa hafsa, daular Birtaniya ta fara naɗe tabarmarta. Duk inda aka tura shi sai ya tarar ana haɗa kaya. A Kenya yana tsaye cikin sahu aka sauke tuta. A birnin Adan yana cikin masu jidar akwatuna zuwa jirgi. Matarsa Mavis takan ce Allah ya rufa asiri ba a taɓa tura shi Scotland ba, da tuni su ma sun kama gabansu.

Da ya bar soja sai ya koma kwandastan bas, ya kafa sandar tuta a ɗan filin gaban gidansa, filin da ko akuya aka ɗaure sai ta yi ƙorafi. Kullum safiya ya ɗaga, kullum magariba ya sauke, ya ninke, ya adana a durowa. Iyakar daular da ta rage masa ke nan, sanda ɗaya da ciyawa da kwandon shara, kuma bai taɓa yarda ko taku ɗaya ya salwanta ba.

Lokacin da yake jin daɗin duniya shi ne in gidan sarauta sun yi aure ko haihuwa. Gari ya cika da tutoci, shi kuma aiki ya samu. Sai ya zura kwat, ya maƙala lambobin yabonsa, ya bi gida gida.

"Barka da rana. Lafiya dai kuke a gidan nan? Gobara ce ko jirginku ne ke nitsewa?"

"Wane jirgi kuma, Mista Lumb?"

"Na ga kun ɗaga tutar neman agaji ne, na ce bari in zo da wuri."

Ya taɓa tare wani ƙato a bakin gidan giya, mai zanen tuta a damtse, ya gaya masa mai zanen ya cuce shi, a juye take, kuma haka zai shiga kabari da ita. Mavis ce ta janye shi kafin a sake masa tsarin haƙora.

Amma babbar abokiyar faɗansa ita ce Misis Sandhu, mai kanti a kwanar titi. 'Yar Punjab ce haifaffiyar Nairobi, kakanta na cikin waɗanda daular ta kwaso daga Indiya don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A kantinta tutar tana jikin komai, kofi da tawul da laima, har da kamfai, kuma dukkansu daga ƙasar Sin ake kawo su. Mista Lumb bai taɓa yafe maganar kamfan nan ba.

"Misis Sandhu, ta tagarki a juye take."

"Kai, Mista Lumb! Ni da ina yarinya na ga an sauke ta a Nairobi, har tafi na yi."

"Ina wurin."

"Ai na sani, kai ne mai farar ƙafar nan. Shi ya sa muka biyo ku, mu ga inda kuka kai kayanmu."

"Ki dai juya ta."

"Sayi jarida tukuna."

Haka suka tsufa. Bai taɓa kiranta Surinder ba, ba ta taɓa kiransa Clifford ba. In kasuwa ta yi sanyi ta rasa abokin hira, sai ta juya tutar tagarta da gangan, ta ɗora ruwan shayi, don ta san kafin ya tafasa tsohon zai shigo yana huci.

Sai Mavis ta rasu da hunturu. Aka yi jana'iza, aka sha shayi, aka ci burodi mai yanki-yanki, kowa ya riƙe masa hannu ya ce in yana bukatar wani abu ya faɗa. Shi kuma ya ba kowa amsar da aka raine shi a kai: "Ba komai, na gode, lafiya lau nake." To mutanen garin nan, in ka ce musu lafiya lau kake, sun gaskata ka ke nan har abada. Ba mugunta ba ce, wai ladabi ne, ba sa son su takura ka. Da ladabin nan sai mutum ya bushe a ɗaki maƙwabta suna ta mutunta shi ta bayan bango.

'Yarsa da ke aure a Ostareliya takan bugo waya ran Lahadi, su yi maganar ruwan sama. Kantin Misis Sandhu kuwa ya daina zuwa. Da ya shiga bayan rasuwar, maimakon ta tsokane shi sai ta sassauta murya ta ce masa sannu, shi kuma ya ji in ya ƙara minti ɗaya zai yi abin kunya a gaban jaridu. Sai ya koma babban kanti inda na'ura ke karɓar ciniki, ba ta tambayar kowa ya ya ji da haƙuri. Abincinsa ya zama waken gwangwani a kan burodi. Kullum sai ya fito da kofi biyu, ya tuna, ya rasa ƙarfin mayar da ɗayan.

A safiyar Larabar nan ya buɗe baki zai zagi rediyo, sai ya ji muryar ta ƙi fita, ta yi tsatsa. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a Adan. Kewa ce ke cinsa, ya sani sarai, kuma da ya furta wa maƙwabci haka gara masa ya faɗi matacce a layin jiran bas. Magana ɗaya ya iya wadda ba da baki ake yin ta ba. Shi ya sa ya juya tutar.

Mai kawo wasiƙu ya wuce yana fito. Matar gida na gaba, wadda ya yi wa karatun tuta har sau ba adadi, ta zo da karenta, karen ya ɗaga ƙafa a gindin sandar, suka wuce. Limamin coci ya tsaya ya dubi tutar, tsohon ya leƙo ta bayan labule, sai ya ga ashe agogon hannunsa yake gyarawa. Aka fara yayyafi. Shayinsa ya huce bai sha ba. Ya gane cewa duk shekarun da ya yi yana surutu babu wanda ya saurara, kowa jira yake ya gama ya tafi.

Wajen la'asar ya miƙe zai je ya sauke ta kafin ya ƙara zubar da mutuncinsa. Sai ga bugun ƙofa, ba irin na masu ladabi ba.

Misis Sandhu ce, ta rufa da ɗaya daga cikin laimominta masu tuta, ta rungumo tukunya naɗe da tawul.

"Mista Lumb, tutarka a juye take."

"Kuskure ne. Idona ne ya fara…"

"Kai? Kuskure? Gaya wa wani. Tun safe na gani, wake ne ya ƙi nuna da wuri."

"Ba na so in takura ki."

"Tun ina da baƙin gashi kake takura ni, sai yau za ka ji kunya? Matsa, hannuna zai ƙone."

Ta shige kicin kamar gidan ubanta. Ta ga tarin gwangwanaye. Ta ga kofi biyu a kan tebur, ɗaya da shayin da ya huce, ɗaya a bushe ƙarau. Ta ɗauki na Mavis ta ɗauraye, ta ce yau a ciki za ta sha, in ba zai damu ba. Ya girgiza kai, alamar ba zai damu ba.

Ta zuba masa faten wake irin nasu, ta yago masa gurasa. Ya kai loma biyu, ta uku sai hawaye suka ɓalle, suna bin gemunsa da ya kwana biyu bai ga reza ba.

"Yajin nan naku," in ji shi.

"I, yaji ne," ta ce, alhali ko ƙwayar barkono ba ta saka ba.

Da gari ya fara duhu, sai ya hango tutar ta taga, jiƙe sharkaf, har yanzu a juye, duk titi na iya gani. Ya dafa tebur zai tashi.

"Bari in je in gyara ta."

"Zauna, Clifford. Bar ta. Tun Nairobi nake kallon tutar nan, sai yau na ga ta faɗi gaskiya."

Ya koma ya zauna, ya miƙa mata kwanonsa ta ƙara masa.