Moton da Baba Ya Ajiye Mini

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daidai ba. Shekaru sun yi nisa, kuma wani abin daga bakin innata na ji shi, har na kasa raba shi da abin da idona ya gani.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, gyaɗa ta yi albarka a ƙauyenmu da ke kusa da Gazawa. A lokacin ina lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi, ni kaɗai aka sa a gidanmu. Moto kuwa, wato babur, sai wurin mushe, malamin lakol ke nan, da malamin gona. Ana cewa mushe, in ya danne cikinsa, albashin 'yan watanni ya ishe shi saye. Ban tabbata ba. Yau jikana mai kabu-kabu ya faɗa mini kuɗin sabon moto, na auna da ɗan abin da ake ba ni tun da na aje aikin buro, wato ofis, na ga ko na shekara ina azumi da wuya in kai. Amma manomi a da ba da albashi yake auna kaya ba, da shanu yake aunawa.

Baba ya sai da shanun nomansa biyu, ya haɗa da kuɗin gyaɗa, ya sayi moto a hannun wani ɗan kasuwa. Inna ta ce biyu ne. Baffana, ƙanen Baba, ya rasu yana cewa ɗaya ne. Baba bai iya hawa ba, turo shi ya yi har gida. Na zo hutu na tarar maƙwabta sun kewaye shi a zaure.

"Malam, wannan dokin mi yake ci, dawa ko harawa?" in ji wani tsoho.

Baba ya ce, "Ba ya cin komai sai zai yi tafiya. Nan ya fi naka."

"To yana haihuwa?"

Aka kwashe da dariya. Inna daga cikin gida ta ce, "Shanu dai ko ba su haihu ba suna taki a gona."

Baba ya ce, "Na ɗan lakol ne. Ranar da ya zama mushe ba zai shigo garin nan da ƙafa ba."

Daga nan ya yi masa irin ajiyar da mata ke yi wa tasoshin jere. Ya sa shi a ɗakin da babu mai kwana, ya ɗora tayoyin a kan duwatsu saboda gara, ya lulluɓe shi da gwado. Kowace Juma'a zai buɗe, ya goge, ya rufe. Mai sayarwar ya ce masa a riƙa tayar da shi lokaci-lokaci, amma Baba ya ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce don a sai masa da mai. A ganinsa abin da ba a taɓa ba ba ya tsufa. Ban ga laifinsa ba. Ni da ke lakol ma ban san komai a kan inji ba, kuma ina jin daɗin leƙa ɗakin.

Sai shekarun fari suka zo. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, aka koma tafasa da dusa. Baba ya daɗe yana ƙin maganar sai da moton, har ranar da ƙanwata ta kasa tashi daga tabarma. Ya fito da moton, ya kai wa bakanike a Gazawa don a sayar a sayi hatsi. Ina tare da shi. Bakanike ya taka don ya tayar da shi, ya sake takawa, ya buɗe tanki ya shinshina, ya matsa taya ta tsage a hannunsa.

Ya ce, "Baba, wannan ai ya mutu a kwance. Yaushe rabon da ya yi kuka?"

"Bai taɓa yi ba. Sabo ne."

Bakanike bai yi dariya ba. Ya ce kayan gyaran sai ƙetare, can wajen Katsina, kuma can ne kawai za a sami mai saye, don a nan kowa hatsi yake nema.

Washegari Baba ya ɗaura gora da ɗan ƙunshin gari a kan sirdin moton. Na ce zan bi shi. Ya ce, "Kai koma lakol, can ko ba komai ana ba ku tuwo." Na tsaya a bakin gari ina kallonsa yana tura shi cikin rairayi, ya sunkuya, tayoyin ba iska. Ya yi kudu.

Bai dawo ba. Baffa ya bi sawu har ƙetare, wasu suka ce sun ga mutum yana tura moto, wasu suka ce jaki ne da kaya. Ƙanwata ta rayu da taimakon dangin Inna. Ni na gama karatu, na sami aiki, amma ban taɓa sayen moto ba. Har yau in na hangi wani yana tura nasa a gefen hanya, sai na tsaya na ga fuskarsa.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne shanun. Da yana da su, da ya sai da ɗaya bai bar gida ba. Amma an ce a farin nan shanu sun yi ta faɗuwa, har ana ba da sa a kan 'yan tiyoyin gero. In haka ne, wataƙila ko ba moton da ya tafi. In ba haka ba ne, to saboda ni ya tafi. Na kasa yanke ɗaya.

Don haka nake roƙon dattawan Gazawa da na Agye, da duk wanda ya yi zamanin: nawa ne moto a lokacin, in an auna da shanu? Nawa sa ya koma a shekarar farin? In na yi kuskure a gyara mini, ko gyaran bai yi mini daɗi ba. Wanda kuma ya taɓa ganin wani dogon mutum mai furfura a gemu yana tura sabon moto marar iska a hanyar kudu, don Allah ya sanar da ni inda ya gan shi.