Kulu Mai Kitso da Yarinyar da Ke Tsoron Sallah

Kafin rana ta leƙo ta bayan fadama, Kulu mai kitso ta riga ta share tsakar gidanta da ke gefen garin Argungu, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye mataji da kibiyar tsaga da ɗan kwanon man shanu. Shekara arba'in da ɗoriya haka take yi. Bana yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, ta ajiye sana'ar. Duk macen da ta taɓa zama a gabanta ta san Kulu da yawan tambaya. Me ya karya gashin nan ta gefe ɗaya? Ta ina kike kwanciya? Wasu suna jin haushi, amma wannan halin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara takwas ke nan, ranar jajibirin ƙaramar Sallah, Fadimatu matar Hodi manomin albasa ta kawo 'yarta Sakinatu kitso. Yarinyar tana da shekara biyar, ba ta magana, ba ta kallon mutum a ido, wuni take tana jera tsakuwa a layi. Mataji yana taɓa kanta ta ƙwala ihu, ta shiga buga goshi a ƙasa. Matan da ke jiran layi suka ce a danne ta, wata ta ce iska ce.

"Ku sake ta," in ji Kulu. "Ɗiyag ga ba ƙiwuya taka yi ba. Akwai abin da ka damunta, mu munka kasa gane shi."

Nan Fadimatu ta fashe da kuka. Ta ce kowace Sallah haka suke fama: Sakinatu ta yage sabon kaya, ta toshe kunne in ta ji ganga, ta ciji baƙon da ya ɗauke ta, a ƙarshe a rufe ta a ɗaki, uwar ta zauna tare da ita har taron Sallah ya watse. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Hodi ya kai ta asibiti Sakkwato, likita ya ce ba iska ba ce, yanayin ƙwaƙwalwa ne da ake haifar yaro da shi, wanda suke kira galahanga, a yi haƙuri da ita. Amma bai faɗi yadda za a yi ranar Sallah ba.

"Inna, ni dai in anka ga wata, gabana faɗuwa shika yi," in ji Fadimatu.

Kulu ta sallame su ba kitso. Bayan Sallah sai ga ta a gidan Hodi, ta ce ta zo kallo ne kawai. Ta yi ta zuwa tana zama a bakin ƙofa. Ta ga yarinyar da ba ta yarda a shafa kanta tana danna kan nan a cinyar uwarta da ƙarfi. To ashe ba taɓawa take ƙi ba, taɓawa sama-sama ce take ji kamar ƙaiƙayi? Ta ga tana ƙanƙame wani tsohon zane da ya koɗe, ta kuwa tuna sabon yadi yana da kaushi da warin kanti. Ran nan ta buɗe kwanon man shanu da gangan, Sakinatu ta tashi da gudu. Kulu ta rufe kwanon tana murmushi kamar wadda ta yi tsintuwa.

Da azumi ya zagayo, tun ranar farko ta fara shirin Sallah. Kullum da hantsi take zuwa da tabarma guda, ta zauna a bayan yarinyar, ba hira, ba waƙa. Kwana huɗu tafin hannu kawai take dannawa a kanta. Sannan ta ba ta matajin ta riƙe, ita kuma ta tsaga da yatsa, ta jiƙa gashin da ruwa, ta yi layi ɗaya ta tashi. Ta sa Hodi ya sayi yadin Sallah da wuri, aka wanke shi sau biyar, aka riƙa shimfiɗa wa yarinyar shi har ta saba da shi, aka kuma ce wa tela kada ya yi aiki a wuya. Wata rana Kulu ta zo da wata tabarmar saboda waccan ta jiƙe, sai aikin mako guda ya rushe, Sakinatu ta warware kitson da ihu. Kulu ta ce laifinta ne, ta shanya tabarmar, suka sake daga farko.

Ranar Sallah, tun kafin makaɗa su fito, ta ɗauki yarinyar zuwa gidanta, inda sautin ganga ba ya isowa sai kaɗan. Fadimatu ta yi kwalliya ta je gaida iyayenta, abin da ta yi shekara uku ba ta samu yi ba ranar Sallah. Da Hodi ya zo ɗaukar 'yarsa da la'asar, ya tarar da ita cikin sabuwar riga tana bin layukan kitsonta da yatsa. Shi ya shaida mini cewa a gabansa Sakinatu ta kamo hannun Kulu ta ɗora a kanta da kanta.

Labari ya kai Birnin Kebbi. Malam Labbo, wani malamin firamare, ya zo ya roƙi Kulu ta duba ɗansa Kalilu, wanda shi ma yake da irin wannan yanayin. Ta hau mota ta je da dabarunta duka, babu wadda ta yi aiki. Shi Kalilu ganga daɗi take masa. Abin da ke firgita shi shi ne baƙi masu shigowa ba zato, da tuwon Sallah da ake tilasta masa, alhali farar shinkafa kaɗai yake ci. Malam Labbo ya ce Kulu ta yi dariya ta ce ashe su ma kowa da kansa, kamar gashi. Ta sa aka riƙa tare baƙi a zaure, a shigo da su ɗaya-ɗaya, aka dafa wa yaron shinkafarsa. A yau gida biyar tsakanin Argungu da Birnin Kebbi suna yin Sallah a kan shawararta.

Inna Kulu, ke ce ba ki taɓa zama a aji ba, amma kika zauna kika karanci yarinyar da ba ta magana. Ke ce kika je gidan da maƙwabta suke ratsewa. Ba ki ce kin warkar da kowa ba. Sakinatu har yanzu kalmominta ba su fi goma ba, kuma da na tambaye ki me ke cikin ranta, cewa kika yi ke ma abin da kike so ki sani ke nan. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba yatsun nan sauƙi.

Mu kuwa, azumi ya kusa. In akwai gida a unguwarku da ake rufe ɗaki ranar Sallah, kada ku jira jajibiri. Ku je tun yanzu, ku yi sallama a hankali, ku zauna ku tambayi uwar abin da ɗanta yake tsoro. Wataƙila ba a taɓa tambayarta ba.