Gaisuwar da Aka Goge

A tashar Birnin Kudu muna jiran motar Gwaram ta cika. Kusa da ni wani dattijo ne mai furfura, tsohuwar kwamfuta a cinyarsa. Da alama malamin makaranta ne, aikin ɗalibai ya cije masa. Ya kai tambaya dandalin masu haɗa manhaja a intanet, ya fara da sallama da sannu da aiki. Wani ya goge gaisuwar, wai nan ba wurin hira ba ne.

Ya kama ni ina leƙe, kunya ta rufe mu duka.

"Malam, gaisuwar ma laifi ce?" in ji shi ƙasa-ƙasa.

Ya mayar da ido kan kwamfutar. Yana sake rubuta tambayar tsurarta, leɓɓansa na motsi. Sallamar yake yi wa mutanen dandalin da baki.