Kifin Jego a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Gari bai gama wayewa ba Kiyono ta ɗaura faifan gora a ƙafafunta, irin wanda ke hana ƙafa nutsewa, ta fita takar hanya. Haka ake yi a ƙauyukan duwatsun Niigata duk safiyar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba: kowane gida ya tattake hanya har ƙofar maƙwabci. Rabonta ya fi na kowa tsawo, don gidanta ne na ƙarshe a gindin dutse. Ta haura saba'in, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, amma ba a taɓa tattake mata ba.

Mijinta Tokuzo, kafin ya rasu, da an gama girbin shinkafa sai ya tafi Tokyo aikin gini, ba ya dawowa sai ƙanƙara ta narke. Ita ake bar wa uwar miji da rufin gida. Da rani kuma ta yi wa masu fasa titi girki har bayanta ya ranƙwafa. Ba ta iya doguwar gaisuwa ba. In ka kwanta ciwo ba za ta zo sannu ba, sai dai ka leƙo ka ga an share maka ƙofa.

A bayan gidan akwai ɗan tafki, kamar kowane tsohon gida a nan. Ruwansa daga wani idon ruwa yake gangarowa ta bututu, kuma da ɗuminsa yake fitowa daga ƙasa. Muddin yana zuba, tafkin ba ya daskarewa, duk dusar da aka turo daga rufi ta faɗa ciki ta narke. Don haka ma aka haƙa shi. A ciki akwai kifin koi uku, baƙaƙe, na ci ba na ado ba, suna kwance a wani rami ƙarƙashin katako tun shigowar sanyi.

Na Sanae ne, 'yarta tilo. An daɗe ana jira, sai da ta kusa arba'in ciki ya zauna, kuma gida za ta zo haihuwa in ƙanƙara ta fara narkewa. Lokacin da Kiyono ta haife ta nono ƙin zuwa ya yi, jaririya ta yi kuka har murya ta dishe, sai da uwar miji ta kamo koi a tafkin nan ta dafa mata da miso, daddawar waken suya, sannan nonon ya zo. Kiyono ba ta taɓa ce wa 'yar tana murna da cikin ba. Kifi ta ware.

Da ta dawo daga takar hanya sai ta hango mutum a kan rufinta. Shigeji ne, ƙanin mijinta, tsohon direban bas, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Matar Yaya, kin makara," ya ce daga sama. "Rabin rufinki na sauke kina can kina rawa da faifai."

"Wa ya aike ka?"

"Ji ta. Wasu shayi ake kawo musu, ni tuhuma."

Ta ɗaga hannu. "Yi shiru."

"Ni da bakina?"

"Na ce yi shiru."

Ya yi. Nan ta tabbatar da abin da kunnenta ya gaya mata. Tun da ta shigo gidan nan amarya, ƙarar ruwan bututu ke kwantar da ita, ita ke tashe ta. Yau babu. Da asuba iska ce ta rufe mata kunne.

Ta zaga baya. Bakin bututun ya bushe, wani tsinken ƙanƙara na reto a jikinsa. Tafkin kuwa babu shi. Ruwa ya tsaya tun cikin dare, sama ta daskare, dusa ta lulluɓe, Shigeji kuma ya zo ya yi abin da kowa ke yi: ya yanko dusar rufi gunduwa-gunduwa ya jefa inda aka saba jefawa, bai ko leƙa ba. Nauyin ya fasa ƙanƙarar a tsakiya, ruwan ya koma kamar kunu mai kauri, gefe da gefe kuma yana sake kamewa. Wajen ramin kifin ya fi ko'ina tauri.

Shigeji ya sauko ya yi tsuru-tsuru. Sai ya ɗaga shebur sama da hannu biyu.

"Matsa in farfasa."

Ta riƙe ƙotar. "In ka buga nan, a kansu ka buga. Kwance suke, ba ci ba motsi. Ƙara ɗaya ta ishe su."

"To ya za a yi?"

"Ɗora babbar tukunya. In ta tafasa ka aza ta a kan ƙanƙarar nan, saitin katakon, ta ci da kanta. Kunun kuma ka kwashe da kwando. A hankali. Ni zan hau in sako ruwa."

Ya ɗaga kai ya dubi gangaren da ke bayan gidan. Dusar jiya ta hau kan tsohuwa wadda ta daskare, irin wadda ke zamewa gaba ɗaya.

"Ke zauna, ni in hau."

"Ka san inda bakin bututun na can sama yake?"

"Yaya ya taɓa nuna mini."

"Da rani."

"Matar Yaya, kifi ne fa. A kanti ma akwai shi. In dutsen nan ya zubo me zan ce wa Sanae? Uwarki ta bi kifi?"

"Na kanti warin taɓo yake. Ɗora ruwa."

Ta ɗauki ƙaramin shebur ta kama hanya. Ba ta yanka gangaren ta tsakiya ba, gefen itatuwa ta bi, tana dafa su ɗaya bayan ɗaya. Kowane taku sai ta ciro ƙafar hagun da hannu. Can sama wani abu ya yi wani ƙugi a ƙarƙashin dusa, kamar an ajiye buhu mai nauyi. Ta tsaya cak. Ga wata siririyar tsaga ta buɗe a gabanta, ta miƙe har inda ido ya ƙare. Ta jira. Babu abin da ya motsa. Ta waiwaya ƙasa, ta hango Shigeji ɗan mitsitsi yana fita da tukunya tana tururi. Ta tsallake tsagar.

Akwai sandar gora da take kafawa duk shekara a bakin idon ruwan, da jan ƙyalle a kai. Bana dusa ta shanye ta. Sai ta tsaya ta ba wa wata babbar bishiya mai tabon gatari, wadda take kwatance da ita, baya, ta fuskanci rufin gidanta, ta haƙa. Ba nan ba ne. Ta matsa ta sake. Zufa ta jiƙa mata baya ta fara sanyi. A haƙa na gaba ta ji motsin ruwa a ƙarƙashinta, kafin ta ja da baya wurin ya burma, ta zurma har cinya.

Ruwan da ya rasa hanyar bututu ne ya ci dusar ta ƙasa ya bar ɓawo. Ba ta yi ƙara ba, ba mai ji. Ta gicciya shebur ta dafa, ta ciro ƙafa ɗaya, ɗayar faifan ya maƙale. Ta kwance igiyar ta bar shi. Sannan ta kwanta rub da ciki, ta cire safar hannu, ta tura hannu cikin ramin har kafaɗa.

Ta taɓo ragar ƙarfen da ke bakin bututun. Reshe ne ya karye ya tokare ta, ganye ya taru ya toshe kamar tabarma. Ta yi ta yakicewa tana jefarwa. Yatsun suka daina jin abin da suke riƙewa, sai ta koma dubawa da ido ko sun damƙo wani abu. Reshen ya ƙi. Ta naɗe shi a wuyan hannu ta mirgina gefe da duk nauyinta. Ya fito. Bututun ya yi wani irin zuƙa, ruwan ramin ya fara juyawa yana shiga.

Gangarowa rabi a zaune ta yi ta.

Ta tarar da Shigeji tsaye cikin tafkin har gwiwa, kwando a hannu, leɓɓansa sun yi shuɗi. Tukunyar ta huda rami kewayayye a saitin katakon. Bututun yana tari yana tofo laka, can ya saki ruwa garau.

"Kin dawo," ya ce. "Da faifai ɗaya."

"Ɗaga katakon."

Ya ɗaga. Biyu suna ƙasa, kai da kai, ƙegensu na motsi kaɗan-kaɗan. Na ukun, babban cikinsu, ya taso ya kwanta ta gefe, farin cikinsa a waje.

Kiyono ta durƙusa ta tallabo shi ta kai shi bakin bututun, ta riƙe kansa cikin ruwan da ke zuba. Bakinsa ya buɗe sau ɗaya. Suka jira. Ya sake buɗewa, da ƙyar. Ta sake shi, ya mirgina. Ta kuma tallabowa, ya kuma mirginawa.

"Ni na kashe shi," Shigeji ya ce, ba wasa a muryarsa.

"Bai mutu ba tukuna. Miƙo wuƙa. Mushe ba ya shiga tukunyata."

A nan kan katakon ta gama da shi. Ta zare matsarmamar ba ta fashe ba, ta yanka shi manya-manya, ta ɗora da miso. Kafin ya nuna ta ba Shigeji wandon marigayi ya sauya. Ya ci kwano biyu yana kallon ƙasa.

"Biyu za su ishe ta?"

"In an ja romon. Ci ka tafi, sauran rabin rufi gobe. Ka leƙa kafin ka jefa."

Da rana ta yi, sanyi ya ɗan saki, tafkin ya buɗe baƙi ƙirin yana hayaƙi. Kiyono ta shiga rumfa ta zaro gorar da ta fi kowace tsawo, ta yagi tsohon jan ɗankwali ta ɗaura a kanta. Ta ɗauko faifan Tokuzo daga ƙusa, ya yi mata girma, ta ƙara zagaye igiyar. Ta saɓa gorar a kafaɗa ta nufi gefen itatuwa, tana jan ƙafar hagu.