Gwaggo Ta Ba Laka Ruwa

Sun kori Gwaggo daga aiki bayan shekara goma sha tara tana share musu zauren baje kolin zane-zane. Laifin da suka rubuta a takarda layi ɗaya ne: wai ta watsa wa kayan baƙuwa ruwa har suka lalace. Ruwa dai ta watsa, ba ta taɓa musantawa ba. Abin da ba su rubuta ba shi ne mai kayan ce da kanta ta kama hannunta ta koya mata watsawar.

Ba gwaggon kowa ba ce a wurin. Wani ɗan aike ne ya fara kiranta haka tun tana da ƙuruciyarta, sunan ya bi ta, har manajoji huɗu suka zo suka wuce ba wanda ya tambayi na yankanta. Tana da shekara talatin da ɗaya ta fara, shekarar da mijinta, magini, ya faɗo daga kan katako a hawa na biyu ƙugunsa ya goce. Shi ya zauna gida, ita ta ɗauki tsintsiya. Da tsintsiyar nan aka yi wa yara uku makaranta.

Zauren ɗaki uku ne, bango fari fat, daɓen katako, sai matakala mai hawa sha huɗu da take gogewa daga sama zuwa ƙasa kullum kafin ƙarfe takwas. Dokar aikin guda ce, kuma ta fi kowa riƙe ta: akwai layin rawaya a ƙasa gaban kowane kaya, tsumma ya tsaya a layin. A wurin nan ta ga abubuwa. Ta ga tulin tsofaffin takalma da aka kewaye da igiya. Ta ga kujera rataye a silin ƙafafunta sama. Duk abin da ta tarar a ƙasa ba ta gane shi ba, sai ta leƙa ƙofa ta kira maigadi, wani zanƙalelen mutum da ake ce wa Dogo.

“Dogo, zo ka duba min. Wannan shara ce ko aiki ne?”

“Gwaggo, in ya yi kama da shara sosai, to aiki ne. Bar musu abinsu.”

Sai ta bar musu. Shekara goma sha tara ko firam ɗin hoto ba ta taɓa karkatarwa ba.

Baƙuwar daga arewacin Afirka ta zo, mai zane ce kuma mai shirya fim. 'Yar ƙaramar mace, gashinta ya yi furfura ta aske shi gajere, kullum cikin rigar maza mai aljihu biyu. Maimakon akwatunan hotuna sai ga mota ta sauke buhunan ƙasa. Tun ranar ma'aikata suka sa mata Mai Laka. Kwana shida ta yi a ɗakin ciki tana kwaɓa ƙasa da ƙafa, tana yaɓa ta da tafin hannu a jikin wani allon katako, har ya zama bango guda na ɗanyar laka, tsawonsa ya fi mutum. A jikin bangon ake haska fim ɗinta. Minti goma sha ɗaya ne, ba magana a ciki. Tsofaffin mata ne a wani ƙauye kan dutse suna aikin tukwane, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa da ta tafin hannu a kan laka.

Ana gobe buɗewa, da tsakar rana, tafinta ya fita cin abinci. Gwaggo na kwashe ɓurɓushin ƙasa a bakin ƙofa, Mai Laka ta yafito ta. Harshe biyu matar take ji, ba ko ɗaya da Gwaggo ta sani. Ta dafa bangon, ta nuna esi, na'urar sanyaya ɗaki da ke busowa daga sama, ta girgiza kai. Ta jawo bokiti, ta tsoma yatsu, ta ja baya taki ɗaya, ta yarfa ruwan sama-sama ya sauko kamar yayyafi. Sannan ta kama wuyan hannun Gwaggo, ta tsallako da ita layin rawaya, ta tsoma mata hannu a bokitin, suka yarfa tare. Sau uku. Ta nuna agogon bango, ta ɗaga yatsu bakwai, ta yi ta juya hannu alamar gobe da jibi da gata.

Manajar lokacin tana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne. Gwaggo ta dube ta, manajar ta gyaɗa kai. Dogo yana bayanta yana dariya.

Ba wani abin mamaki Gwaggo ta gani ba. Matar magini ce. Da ta koma gida ta ce wa mijin, “Malam, yau an ba ni bayin bulo a ofis.”

Ya sa ta kwatanta masa. Ya ce daidai ne, kada ta kwara, ta bar ƙasar ta sha a hankali, kuma ta fi ba gefen da iska ke bugawa. Sai ya gyara zaman ƙugunsa ya ce, “Shekara ashirin ina ba bulo ruwa, ba wanda ya zo kallo. Ashe fitila ce ban kunna ba.”

Mai Laka ta koma ƙasarsu kwana biyu da buɗewa. Mako shida Gwaggo na ba bangon ruwa ƙarfe bakwai na safe. Ya zauna da duhunsa, sumul, ɗakin na ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. A mako na huɗu aka ɗauke manajar aka kai ta wani reshe, aka kawo sabo, matashi mai ladabi, mai son fayil. Shi ne ya zauna wata safiya yana duba hotunan kyamarar tsaro, ya ga mai shara ta tsallake layi da bokiti.

“Gwaggo, zauna mana.” Ya juyo mata da kwamfuta. “Wannan ke ce?”

“Ni ce, Yallaɓai.”

“Me kike yi a nan?”

“Bayi.”

“Wa ya sa ki?”

“Mai kayan.”

“A rubuce?”

“Da hannu.”

Ya buɗe fayil ya karanta mata takardar da wakilin baƙuwar ya aiko tun kafin a kawo ƙasar: ba a taɓa kayan, ba a shiga ɗakin da abin sha ko wani ruwa. Ya karanta a hankali, yadda ake yi wa wanda ba ya ji sosai. Ta ce a tambayi Dogo. Aka kira Dogo. Ya tsaya yana murza hularsa. Kamfanin gadi ne ya kawo shi, ana iya canza shi da waya ɗaya, kuma 'ya'yansa biyar.

“Ni aikina ƙofa, Yallaɓai. Baya na ba su.”

Aka buga wa tsohuwar manaja. Ta ce gaskiya ranar aiki ya yi mata yawa, tana kan waya, ba za ta iya rantsuwa a kan komai ba. Hoton kyamara na ranar kuwa, na'urar wata ɗaya take ajiyewa, ta riga ta goge.

Aka ce Gwaggo ta je gida sai an neme ta. Ta ajiye makullin ɗakin tsintsiya a kan tebur. Ta kai ƙofa ta juyo.

“Yallaɓai, ko ba ni ba, a sa wani ya riƙa ba ta ruwa. Esin nan shanye ta yake yi.”

Ya ce ta bar wannan ga masana.

Kwana tara bangon ya yi ba ruwa. Ya fara yin fari daga gefen da iska ke bugawa, ya tsage daga sama har ƙasa, wani ɓangare kamar faɗin faranti ya ɓamɓaro ya faɗo. Aka kira masani. Ya zo da safar hannu da 'yar fitila, ya duba, ya yi tambaya ɗaya: an taɓa sa wa abin nan ruwa? Aka ce mako shida ana sa masa. Ya rubuta. Ba wanda ya ce masa an daina, shi ma bai tambayi yaushe tsagewar ta fara ba. Duk mai aikin gini da ke wucewa a titi da an tsayar da shi zai gaya musu laka ba ta tsagewa don ta sha ruwa, sai don ta rasa. Amma mai aikin gini ba shi da safar hannu.

Takardar kora a ambulan aka aiko mata, da sa hannun manaja da 'yan kwamitin zauren. Autarta, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta karanta a tsakar ɗaki. Ta karanta layin sau biyu.

“Mama, ki ce wani abu mana.”

“To.”

“To me? Ƙarya suka yi miki. Mu je wurin, ni zan yi magana.”

“Kin makara aiki. Ɗauki jakarki.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Da ma ta yi, da mutanen gidan sun samu abin rarrashi. Ƙarfe biyar take tashi kamar kullum, ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalin aiki, ta sa silifas ɗin roba, sai ta zauna a bakin gado hannuwanta a kan cinya har rana ta fito. Mijin ya haɗa mata shayi ya ajiye, ya huce, ya ɗauke. Ya yi ƙoƙarin tsokanarta, ya ce ga katangar bayan gida tana neman bayi in tana son aiki kyauta. Ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana. Bai ƙara ba.

Ta nemi aiki sau biyu. Wata makarantar kuɗi na son mai shara, hedimasta ya ji shekara goma sha tara a wuri ɗaya ya washe baki, ya ce ta kawo takardar inda ta baro. Ta kawo. Ya karanta, ya ninke ta yadda take, ya miƙo mata da hannu biyu, ya ce za su neme ta. A wani asibiti ma haka, sai dai can ko zama ba a ce ta yi ba. Mace mai shekara hamsin, ba ta da shaidar komai a duniya sai wannan takarda, takardar kuma ta ce maɓarnaciya ce.

Wata Laraba ta shirya ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Shiga zauren kyauta ne. Ta bi ta ƙofar gaba, wadda ba ta taɓa bi ba. Dogo ya miƙe tsaye, idonsa a kan takalminsa.

“Gwaggo, ina gajiya.”

“Ba gajiya, Dogo. Yaya ƙofa?”

Ba ta tsaya jin amsa ba. Ta wuce ɗakin ciki ta zauna a benci. Sau ɗari ta ji ƙarar fim ɗin nan tana goge-goge, amma ba ta taɓa zama ta kalle shi ba. Ta kalla daga farko har ƙarshe. Wajen minti na bakwai aka nuno hannun wata tsohuwa, ta tsoma yatsu a ƙwarya, ta ja baya, ta yarfa wa ɗanyen tulu ruwa sama-sama. Hannun ya bi ta kan tsagewar bangon ya karye biyu, ya wuce ta ramin da ya ɓamɓare ya ɓace, ya fito ta ɗaya gefen. Kullum sau arba'in ake haska wannan hannu a ɗakin, manaja na wucewa ta gabansa da fayil.

Wasu ɗalibai biyu suna zaune kusa da ita, mace da namiji. Namijin ya sunkuya ya ce, “Kin ga tsagewar nan? Da gangan ta yi. Tana nufin komai na rushewa.”

“Kai, matar nan ta iya,” in ji yarinyar, ta rubuta a littafi.

Gwaggo ta ji su. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, haushi ko dariya, ba abin da ya zo. Abin da ta lura da shi kawai, wadda aka ɗauka a madadinta ba ta matse tsumma sosai, katakon ya fara kumbura a bakin ƙofa, kuma akwai yanar gizo a kusurwar hagu. Fim ɗin ya ƙare ya sake farawa. Ta tashi ta tafi gida. Mijin ya tambaye ta ina ta je, ta ce nan kusa.

Har yau ba a gaya wa Mai Laka komai ba. Wakilinta aka rubuta wa, cewa an samu 'yar matsala daga wata ma'aikaciya kuma an ɗauki mataki. Saura kwana goma sha biyu a rufe baje kolin. Daga nan za a naɗe na'urar haska fim a mayar, a sa guduma a bangon, a kwashe ƙasar a mota, manaja ya buɗe sabon fayil.

To, Yallaɓai Manaja, da ku 'yan kwamitin da kuka sa hannu ba ku taɓa ganin fuskar matar ba: Mai Laka tana da rai, tana da waya, kuma lambar tana ofishinku. Ba wakili za ku kira ba, ita za ku kira. Ku zaunar da tafinta, ku zaunar da Gwaggo a kujera, ku tambayi baƙuwar a gaban kowa ko ita ce ta ce a ba bangon ruwa ƙarfe bakwai na safe. In ta ce a'a, ku riƙe takardarku. In ta ce ita ce, ku janye wancan layin a rubuce da sa hannun kowannenku, ku rubuta ranar da aka hana ruwan da sunan wanda ya hana, ku mayar wa Gwaggo aikinta. Ku yi kafin a rushe bangon.