Takabar Sa'ida da Wasiƙar da Ba ta Rubuta ba

Duk wanda ya san lungunmu a Zaitawa ya san Sa'ida. Tare muka taso, tare aka sa mu a makarantar allo, aure ma bai raba mu ba don ƙofar gidan mijinta tana kallon tamu. Labarinta ba a bakin wani na ji shi ba. Kuma gara in faɗa tun yanzu, har yau ban huce ba.

Babanta baduku ne, jaka da takalmi yake ɗinkawa, bai taɓa shiga aji ba, amma Allah ya ba 'yarsa kai. Mu muna fama da lissafi kamar masu haƙar rijiya, ita tana gamawa ta juyo ta yi mana namu. Da muka ƙare sakandare ta auri Abdulbaqi, mai gyaran agogo a Kasuwar Kurmi, mutum shiru-shiru wanda in ya yi maka magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Ta haifi biyu, tana koyarwa a wata 'yar firamare ta kuɗi a Gwammaja. Tana da shekara talatin Abdulbaqi ya shigo mata da takardar neman shiga jami'a, ya ce ya gaji da ganin ƙwaƙwalwa irin tata tana tsatsa a gindin murhu. Ta zauna jarrabawa ta ci, aka ba ta fannin koyar da kimiyya.

To jami'a ba ta san uwar kowa ba. Karatun shekara huɗu ne, in ka yi tuntuɓe a yi maka haƙuri zuwa shida, daga nan kuma sai ka kama gabanka ko da darasi ɗaya ya rage maka. Wanda bai halarci kashi saba'in da biyar na lacca ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Sa'ida ta haddace waɗannan ƙa'idoji kamar karatun salla. Ƙarfe shida da rabi tana bakin titi tana tsaron adaidaita sahu, ta riga ta dama koko ta yi wa yara wanka.

Sai dai rayuwa ita ma da nata jadawalin. A shekara ta biyu ta haihu ana tsakiyar zango, kafin ta gama wankan jego gwaji biyu sun wuce ta. A ta huɗu ciwon ƙoda ya kama Abdulbaqi, ta koma rabin mako a aji, rabi a kan bencin asibiti ana yi masa wankin ƙoda. Darussan da ta faɗi suka yi ta bin ta daga wannan shekara zuwa waccan, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Haka ta lallaɓa har shekara ta shida, wadda babu wata bayanta. Ta rubuta kundin bincikenta an karɓa. Darasi biyu kacal suka rage tsakaninta da digiri.

Saura mako uku jarrabawa, wata Talata da hantsi, Abdulbaqi ya cika a ɗakinsa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Na san malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana in da lalura, limamin unguwarmu ma da bakinsa ya faɗa da na aika mijina ya tambaye shi. Amma a gidan akwai Inna Turai, mahaifiyar mamacin, tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya uku, wannan ne na huɗu kuma na ƙarshe. Ranar da na ɗauko zancen jarrabawa ta dube ni da jajayen idanu.

"Hafsatu, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. So kike a ga matarsa a cikin adaidaita da jaka a kafaɗa? A gidan nan ba a taɓa yi ba. Makarantar guduwa za ta yi?"

Na waiwayi Sa'ida ko za ta ce wani abu. Tana zaune a kan tabarma, ta zuba wa bango ido. Ko cokali ba ta iya ɗagawa a lokacin, balle gardama da uwar miji.

Ranar sadakar uku sai ga shugaban sashensu da kansa, Dakta Salihu, da motar ɗalibai guda. Ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida aka yi addu'a, sannan ya nemi a yi masa iso har bakin soro na ciki. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji.

"Malama Sa'ida, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Ki kwantar da hankalinki, duk mun san abin da ya faru. Muna tare da ke."

A nan muka yi kuskuren, ni da ita da duk wanda ke gidan. A cikin gari idan babba ya tako har gidanka ya ce ya sani, magana ta ƙare. Wa zai ɗauki biro ya rubuta wa mutumin da ya zauna a kan tabarmarsa wasiƙa yana sanar da shi mutuwar da ya zo gaisuwarta? Ai sai a ce ka raina zuwansa. Inna Turai ma har da cewa, "Kin gani ko? Babbansu ya ce ki zauna." Ni da nake ganin idona a buɗe yake, na koma gida da sanyin zuciya.

Ashe akwai wata ƙa'ida da Sa'ida ba ta taɓa buƙata ba, don haka ba ta riƙe ta ba. Ɗalibin da wani uzuri ya hana shi jarrabawa sai ya rubuta takardar neman ɗage zango, ya haɗa da shaida, kafin mako biyu da gama jarrabawar. In bai rubuta ba, a wurinsu ƙin zuwa ya yi.

Washegarin fita takaba na raka ta makarantar. Muka tarar da sunanta a allon sanarwa, a jerin waɗanda aka sallama saboda ƙarewar wa'adi. Takardar har ta fara koɗewa don rana. Ta sa yatsa a kan sunan ta karanta, ta sake karantawa, ta ce da ni wataƙila kuskuren mai buga takarda ne.

Dakta Salihu ya riga ya sauka daga kujerar, wani ne a kai. Muka sami Daktan a ƙaramin ofishinsa. Da ya gan ta sai ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Innalillahi. Malama, na ɗauka kin rubuto."

"Ranka ya daɗe, ai ka zo. Ka ce kun sani."

"Ni na sani. Amma fayil bai sani ba. Majalisar jami'a takarda take dubawa."

Na so in tambaye shi me ya hana shi ƙara kalma huɗu a bakin soron nan, ya ce ki aiko da takarda. Kunya ce ta hana shi, na sani, irin tamu, wai kada ya yi zancen boko a gidan makoki. Kunyarsa da tamu suka haɗu suka cinye wa baiwar Allah shekara shida.

Ya yi ƙoƙari daga baya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya tsara mata takardar ɗaukaka ƙara. Aka ce a kawo shaidar mutuwa daga asibiti, alhali mutumin a gida ya rasu, cikin awa uku aka rufe shi, wa ya tuna da wata shaida? Muka karɓo wasiƙar mai unguwa da ta liman, muka yi rantsuwa a kotu. Wata bakwai muna sintiri, yau a ce kwamiti bai zauna ba, gobe a ce sakatare ya yi tafiya. Amsar da ta fito layi biyu ce: an duba, an tausaya, ƙa'ida ba ta ba da dama ba. Wani ma'aikaci ya ba ta shawara ta sake neman gurbi daga aji ɗaya. Mace mai marayu uku, tana dab da arba'in.

Ta koma firamarenta. Har yau ita ke shirya wa sababbin malamai masu digiri darasin kimiyya, su shiga aji su karanta, sunanta kuma yana nan a ƙasan jeri cikin masu takardar sakandare. Ba ta zancen jami'a. In 'yan ajinsu suka gan ta a biki suka nufo ta, sai ta tuna tana da wani uzuri.

Abu ɗaya ta roƙe ni, kada Inna Turai ta ji. Ta ce tsohuwar ta rasa ɗa, ba za ta ɗora mata wannan ba. Don haka a sanin Inna makaranta ce ba ta kira ba tukuna, irin jinkirin nan na gwamnati. Shekara huɗu ke nan. Idon tsohuwar ya tafi, ƙafa ta ƙi, Sa'ida ce ke yi mata komai.

Ran Juma'ar da ta wuce na shiga gaishe ta, na tarar Sa'ida tana taje mata kai. Tsohuwar ta sa aka jawo akwatinta, ta laluba ƙasa ta fito da turmin atamfa sabo fil, ta ɗora mini a cinya wai in taɓa in ji. Ta ce ta saya ta ɓoye ne don ranar walimar digiri, tunda ɗanta ya ci burin ranar bai gani ba.

"Sa'ida, har yanzu ba su kira ba?"

"Tukuna dai, Inna."

"To su hanzarta mana. Ina so in ji guɗar da kunnena kafin in bi shi."

Sa'ida ta ce Allah ya nuna mana, ta ci gaba da tajewa. Ni ce na kasa zama, na ce na bar tukunya a wuta.